Fim ɗin asibiti da ɓuntun shinkafa

Mai karatu, in ka taɓa ganin buhun shinkafa a Kura da sunan mai shi da jan fenti a jiki, wataƙila aikina ne. Nakan samo tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, in zana harufa a kai, in yanke su da reza, in ɗora a buhu in danna fenti da soson katifa. Sitensil muke ce masa. Ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai hanyar cin abinci.

Bara da kakar shinkafa, ga aiki ya taru, na nemi fina-finaina na rasa. Na yi ta faɗa, sai uwar yara ta nuna mini bayan ɗaki. Can na tarar da 'yar farina ta ɗame yadin akoko a kan katako, ta shafe shi da farin fenti haɗe da gam. A fim ɗina ta yanka fangalin gona da dagin Arewa. Magudanar ruwan da ke zuwa mana daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta yi ta da shunin da ta roƙo a marina, irin na turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa. Gonakin kuwa, gam ta shafa ta cikin hujin ta barbaɗa ɓuntu da jar ƙasa.

Da niyyar tsawa na zo, amma idon sana'a ya riga bakina. Fentin ya kurɗa ƙarƙashin fim ya yi jirwaye, tsakiyar dagin kuma ta faɗo.

"Ke, ina gadarki?"

"Wace gada, Baba?"

Na tsuguna na nuna mata. Duk siffar da ke da ciki, sai an bar mata 'yar siririyar gada da za ta riƙe tsakiyar. Soso a matse shi har ya kusa bushewa, a riƙa dannawa, ba a gogawa. Launi ɗaya ya bushe kafin a ɗora wani. In da gam ne kuma, a ɗaga fim tsaye tun da ɗanyensa, in ba haka ba ya taso da ɓuntun. Shekara da shekaru ina wannan aiki, ban taɓa koya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaya.

Ba zan ɓoye maka ba, na tsaya na dudduba ko akwai siffar mai rai a ciki. Babu.

Yanzu ta ce sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya take so. Uwarta na zancen aure, ni kuma ina lissafin kuɗi, har yau ban ce komai ba. Sai dai da na shiga Kano makon jiya, fim ɗin da na sayo ya ninka wanda buhuna ke buƙata.