Kwalliyar A-Kori-Kura

Tun zamanin kakanninmu mutum ba ya son ya bar abin hawansa haka nan ba ado. Mai doki ya kan nemi jalala da linzami mai ƙyalli. Mai keke ya kan naɗe ƙarfen kekensa da roba mai launi, ya ɗaura masa madubi biyu. Mai babbar mota kuwa ya kan sa a zana masa zaki ko ɗawisu a bayan bodi, a rubuta wata magana ta hikima a goshinta. To, yanzu abin ya iso kan ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda mu ke kira a-kori-kura. Samari masu hali sun tashi haiƙan wajen gyaranta: a ɗaga ta sama, a sa mata manyan tayoyi, a jera mata fitilu, a cika ta da lasifika. A hutun da ya wuce na ga an yi irin wannan aiki tun daga farko har ƙarshe. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labari, don da yawa daga cikinmu, in mun gama, ƙauye za a tura mu koyarwa, kuma bayan irin motocin nan za mu hau, mu da akwatunanmu.

Gidan kawuna yana bisa tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Wanda bai taɓa zuwa ba, sai ya sani ƙasa ce mai tudu ƙwarai, bisanta ya kai kamar mita 1,600 daga teku. In ka wuce Serti ka isa Mayo Selbe, nan hawa ya ke farawa, hanya tana murɗewa kamar maciji, dutse a hannu guda, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Daga nan sai Maisamari, da Nguroje, har Gembu. Amma da ka sauka daga babbar hanya ka nufi ƙauyuka, sai jar ƙasa, wadda da damina ta kan zama santsi kamar sabulu. Ga hazo da safe, har ba ka ganin saniyar da ke gabanka.

Saboda haka mutanen wurin sun daɗe da sanin darajar mota mai ƙarfi. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita ce ta daɗe tana sarauta a kan tsaunin. Peugeot, wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, a-kori-kurarta ta yi wa manoman Nijeriya aiki mai yawa, amma tayoyin baya kaɗai ke janta, taɓo ya kan ba ta wahala. Toyota Hilux ta ƙasar Japan, wadda ta fito tun 1968, ita ce samarin yanzu su ke so. Irinta kawuna ya saya, ta hannu, mai jan ƙafa huɗu, bayan ya sayar da shanu biyu da masarar shekara guda. Ya danƙa ta ga babban ɗansa, watau taubashina, don ya riƙa ɗaukar kaya da mutane zuwa kasuwanni.

Ran da aka kawo ta sai gardama ta tashi. Taubashina ya ce, "Baba, in aka bar ta haka ba wanda zai dube ta a tasha. A ɗaga ta, a sa mata taya irin ta 'yan gayu, a sa kiɗan da za a ji tun daga bayan gari."

Kawu ya yi murmushi, ya ce, "Kai yaro, na ji. Ai ni ma da na ke saurayi dokina bai rasa jalala ba. Amma majayi na ke fara dubawa kafin in hau, don in ya tsinke jalala ba ta hana mutum faɗuwa. Sauran kuɗin ga su. Mu tafi wurin bakanike, abin da ya ce shi ne gaba, da shi za mu fara."

Muka gangara Jalingo mu uku, wurin wani dattijon bakanike wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin tsauni. Ya shiga ƙarƙashinta da fitila, ya daɗe, sa'an nan ya fito ya ce, "Alhaji, takalman birkin baya sun cinye, man birki ya yi baƙi, ganyen sifirin guda ya tsage, shokazoba biyu suna yoyo. Waɗannan su ne ci da sha. Sauran duk kayan sallah ne." Wajen rabin kuɗin nan ya tafi, a kan abubuwan da ba mai ganinsu daga waje. Taubashina ya ɓata rai, ni kuwa na yi ta tsokanarsa, ina cewa amaryarsa ta ci sadakin a wurin mai magani.

Da aka zo maganar ɗagawa, nan na ƙaru da abin da ban taɓa ji ba. Bakaniken ya kira mu, ya nuna mana wani kumburi kamar tulu a tsakiyar aksul na baya. Ya ce shi ne ya fi kome kusa da ƙasa, shi ke fara dukan dutse, shi ke zama bisa tudun da ke tsakanin sawun tayoyi. To, ko ka ƙara ganyen sifirin goma, jikin motar kaɗai za ka ɗaga, tulun nan yana nan inda ya ke. Ba abin da ke ɗaga shi sai taya mai tsawo, ita ma rabin abin da ka ƙara za ka samu. In ka cire taya mai inci 30 ka sa mai inci 33, tulun zai tashi inci ɗaya da rabi ne kurum.

Wannan inci ɗaya da rabi kuwa ba kyauta ba ne. Taya mai inci 33 ta fi mai inci 30 da kashi ɗaya cikin goma, saboda haka kowane juyi guda tana cin ƙasa fiye da yadda agogon gudu ya sani. Agogo zai nuna maka kilomita 60, alhali kuwa 66 ka ke yi. Ƙarfin da inji ke turawa ƙasa ya ragu da kusan wannan gwargwado, sai mota ta riƙa nishi a hawa, tana shan mai, kuloci yana cinyewa. Birki ma haka, aikinsa ya ƙaru, don tsayar da babbar taya mai nauyi ya fi wuya. A gangaren Mayo Selbe kuwa, wanda ya dogara ga birki kaɗai, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Direbobin kirki da babbar giya su ke sauka, watau lamba ɗaya ko biyu, inji yana riƙe motar.

Babban abin tsoro kuma shi ne wanda malaminmu na kimiyya ya ke kira cibiyar nauyi. Ka tsayar da kwalba bisa allo, ka karkata allon kaɗan, sai ta faɗi. Ka kife ƙwarya a wurin, ka karkata shi haka nan, tana nan zaune. Mota ma haka ta ke. Duk inci guda da ka ɗaga ta, ka ɗaga cibiyar nauyinta, ka rage karkatar da za ta iya jurewa kafin ta kife. Ga shi kuwa a-kori-kura irin wannan, abin da aka yi ta ta ɗauka bai fi kamar tan guda ba, amma a ƙauyukanmu a kan tula buhuna har su wuce kan direba, mutane kuma su hau bisa buhunan.

Daga ƙarshe aka shirya a kan tsaka-tsaki. Aka sa mata sababbin sifirin masu ƙarfi waɗanda su ka ɗaga ta kamar inci biyu, aka sa tayoyi masu manyan haƙora don taɓo, amma tsawonsu bai fi na asali da yawa ba. Mai walda ya yi mata faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa tukunyar mai, ya yi ƙugiya gaba da baya inda za a ɗaura igiya in ta maƙale. Aka ja mata bututun shaƙar iska ta gefen gilashi har bisa rufi, saboda ƙetare rafi. Dalilinsa kuwa, in inji ya shaƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ƙarfen cikin injin ya lanƙwashe, aiki ya zama na sauke inji. Bakaniken ya kuma gargaɗi taubashina da abu biyu: kada ya bar ta cikin jan ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, don haƙoran giya za su ci juna, in kuma ya rage iskar taya don ta kama taɓo, to, ya mai da iskar kafin ya yi gudu.

Maganar fenti ba ta ɗauki lokaci ba. Kawu ya ce a bar ta fara yadda ta ke a takardunta, don in an sake launi sai an koma an gyara takarda. Mai zane ya ja mata layi kore da ja a gefe, ya yi furanni a ƙofar baya, ya rubuta "Haƙuri Maganin Duniya". Gaskiya ta yi kyau. Baƙin gilashi kuwa Kawu ya ƙi, don tun 1991 akwai dokar da ta hana shi sai da izinin 'yan sanda, ga shi kuma yana rage gani da dare. Fitilu biyu masu ruwan ɗorawa aka sa mata ƙasa ƙasa saboda hazo. Doguwar fitilar nan ta bisa rufi, wadda ke makantar da mai zuwa daga gaba, ita ma ba a saya ba.

Saura kiɗa, inda taubashina ya fi sa rai. Mai haɗa wayar mota ya kawo wata amfilifaya, ya ce wat 600 ce. Nan fa lissafin makaranta ya yi mini rana. Batirin mota bolt 12 ne. Ka raba 600 da 12, ka sami amfiya 50, watau abin da za ta ja ke nan in an ƙure ta. Batir mai amfiya 70 a sa'a, in inji yana kashe, ba zai kai sa'a ɗaya da rabi ba ya mutu. Wanda ya tsaya a kasuwar ƙauye yana burge 'yammata da kiɗa, da la'asar sai ya nemi masu turi. Na nuna wa Kawu lissafin a bayan kwali, ya ce, "Ashe kuɗin makarantar nan ba a banza su ke tafiya ba."

Aka ɗauki ƙarama. Aka sa lasifika huɗu masu kyau cikin ƙofofi, aka liƙa roba a cikin ƙarfen ƙofar don kada ya riƙa karkarwa, aka ja waya mai kauri, aka sa mata fis kusa da batir. Wannan fis ɗan ƙaramin abu ne, amma in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, shi zai ƙone maimakon motar. Abin mamaki, muryar rediyo ta fito tas, ta fi ta motocin da ke girgiza unguwa daɗin ji. Masana lafiyar kunne sun ce ƙarar da ta wuce desibel 85, in mutum yana jinta sa'a takwas kullum, tana cin jinsa sannu sannu, kuma jin da ya tafi ba ya komowa. A hanyar tsauni kuwa kunne shi ne ido na biyu. A kwanar da ba ka ganin gaba, ƙahon mai zuwa kaɗai zai gaya maka yana nan. Haka kuma in yaron mota ya buga bodi don kaya sun zame, ko wani ya faɗi, dole direba ya ji.

Mako uku bayan mun koma, ran wata kasuwa, an kwana ana ruwa, muka tarar da wata a-kori-kura kwance a gefenta a wata gangara. Irin wadda aka ɗaga ce ƙwarai, har sai mutum ya yi tsalle kafin ya shiga, tayoyinta kamar na tarakta. Ba gudu ta ke yi ba. Tayar hagu ce ta faɗa cikin zaizayar ruwa, lodin masara da ke sama ya rinjaya, sai ta kwanta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata tsohuwa ta karye a hannu, wani yaro ya fasa goshi, masara ta zube cikin taɓo. Lasifikarta kuwa tana ta kiɗa har sa'ad da aka cire kan batir. Mu muka ɗauki tsohuwar zuwa asibiti. Taubashina ya bi ta wannan rami ɗin da giya ta ɗaya, motarmu ta karkata, ta miƙe. Tun daga nan har asibiti bai buɗe rediyo ba, bai kuma ce uffan ba.

Ni ban ga laifin ado ba. Mutumin da ke wanke motarsa, yana yi mata zane, galibi shi ne kuma ke duba mata mai da ruwa. Abin da na ke so mu lura da shi, kowane gyara da aka yi wa mota yana da abin da ya karɓe, kuma sau da yawa wanda ke zaune a baya bisa buhu shi ke biya. Saboda haka, 'yan'uwa, in an tura ku ƙauye kun je tasha, kada tsawon mota da ƙarar kiɗanta su ruɗe ku. Ku dubi haƙoran tayarta, ku dubi tudun lodinta, ku saurara ko direba zai iya jin kiranku. In kun ga ta yi tsawo, lodi kuma ya yi tsawo bisa tsawon, ku haƙura ku jira ta gaba, ai tafiya sannu sannu kwana nesa. In kun shiga aji kuma, ku nemi kwalba da ƙwarya da allo ku nuna wa yara, don cikinsu akwai waɗanda za su riƙe sitiyari nan da shekara goma. Allah ya kai mu wuraren aikinmu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.