Abin da Bangon Zazzau Ya Koya wa Mai Zanen Kwamfuta

Duk wanda ya saba duba fastocin da ake mannawa a garuruwanmu ya san inda basirar yawancin masu zanen kwamfuta ta tsaya. Da an ce musu ana son abu na gargajiya, sai su ɗauko Dagin Arewa su dasa a kusurwa huɗu, su zuba masa ruwan zinare, shi ke nan an gama. Katin ɗaurin aure dagi, kalandar ɗan siyasa dagi, kwalin kilishi ma dagi. Ɗan yayata yana cikin masu wannan sana'a, yana da ɗan shago a Fagge inda yake yini a gaban CorelDraw. Da aka ba shi aikin bangon wani littafi kan tarihin masarautu, abin da ya fara nuna mini ke nan. Na ce masa ya kashe kwamfutar, ranar Asabar mu je Zariya ya ga yadda masu abin suke yi da shi.

Mun tashi daga Unguwa Uku da sanyin safiya, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gonakin shinkafar Kura. Babu abin ba da labari a hanyar, in ban da rubutun da ke bayan manyan motocin da muke wucewa, haruffa masu kauri da inuwa a gefe, waɗanda mutum zai karanta tun daga nesa ko da motar tana gudu. Na ce wa yaron ya lura, masu fentin nan ba su taɓa zama a aji ba, amma sun san girman harafin da ido ke iya kamawa. Muka wuce Kwanar Dangora da Tashar Yari, muka sauka a Kwangila, ɗan sahu ya bi da mu ta Tudun Wada ya shigar da mu birni ta Ƙofar Doka.

Ƙofar fadar Sarkin Zazzau ita ce kowa ke ɗauka a hoto, da launukanta masu ɗaukar ido, kore da ja da shuɗi da rawaya. Yaron ya ɗauki nasa, na bar shi. Abin da ya kawo ni yana daura da fadar, a ɓoye cikin wani gini. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, yanzu ba a ganin sa daga waje, domin a shekarun 1970 an yi sabon gini na siminti ya rufe shi. Sai ka shiga ciki za ka tarar da abin da ya saura na tsohon, ginshiƙan ƙasa masu kauri da bakan gizo da ke tashi daga jikinsu su haɗu a ƙarƙashin tulluwa.

Yadda ake yin bakan gizon nan shi kansa darasi ne. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyi idan ta yi tsawo da yawa, don haka gajeru ake jerawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har lanƙwasar ta fito. Ke nan siffar ba ganin dama ba ce, kayan aikin ne suka yanke ta. Adon da ke jikin ginshiƙan kuwa ya fi ba yaron mamaki. Ya zo yana tsammanin zai ga dagi ko'ina, sai ya tarar da layuka masu zurfi a tsaye, da siffofi masu kusurwa uku, da 'yan da'irori, sannan fili mai yawa da aka bari haka nan. Babu hayaniyar launi. Haske ne ke shigowa ya faɗa cikin ramin layin ya yi inuwa, inuwar ita ce tawadar.

"Kawu, ai wannan bai cika ba," in ji shi.

Na ce masa ya koma bakin ƙofa ya sake dubawa. Daga can layukan suka haɗu suka ja idonsa sama zuwa tulluwar, wanda shi ne aikinsu. Mutanen gari suna cewa da dare Babban Gwani yake gini don kada a ga sirrinsa. Ni dai a ganina sirrin yana fili, mutumin ya san inda zai tsaya. Wannan kuwa shi ne abin da fastocinmu suka rasa, waɗanda ake loda wa kaya kamar a-kori-kura ranar kasuwa, hoton mai gida da na uban gida da addu'a da lambar waya, kowanne yana ƙoƙarin danne ɗan'uwansa.

Daga masallaci muka shiga lunguna da ƙafa. A nan ne Zariya take da abin da ba kowane gari ke da shi ba, ko da yake kullum raguwa yake yi, bulo da tayil suna cinye shi. Tsofaffin zauruka ne da aka yi wa ado a fuska, wasu na ƙasa da aka murza da hannu tun tana ɗanya, wasu na siminti da aka karce kafin ya bushe aka bi da fenti. Abu na farko da mai lura zai gani shi ne adon ba ya yawo. Yana taruwa ne a kewayen ƙofa, ya hau sama zuwa zankwaye, sauran katangar kuma a bar ta da jar ƙasarta. Baƙo daga nesa ya san ta ina zai yi sallama, ya kuma san ko mai gidan yana da hali. Abin da bangon littafi yake bukata ke nan: wuri ɗaya da ido zai fara sauka.

Abu na biyu ya fi ba ni dariya. Mu da muke kiran wannan "gargajiya" muna ɗauka maginan nan baya suke kallo. Ina! A cikin sarƙaƙiyar dagi sai ka ga keke, ko agogo, ko mota, wani wajen har jirgin sama, kusa da takobi da allo. Mai gida ya sayi keke ko ya sauke farali, magini ya rubuta labarin a bango. Wani Bajamushe masanin gine-gine, Friedrich Schwerdtfeger, ya daɗe yana bin gidajen Zariya yana tattara irin waɗannan, har ya yi littafi a kansu. Maginan sun ɗauki sabon abu na zamaninsu sun ba shi kaurin layi da lanƙwasa irin ta sauran adon, har keken ya zama ɗan gida. Da suna nan yau, ba na shakkar da mun ga wayar hannu a fuskar zaure.

A wani lungu muka tarar da wani dattijo a bakin zaurensa, ashe tsohon magini ne. Muka gaisa, yaron ya tsuguna ya ce, "Baba, me ya sa layukanku duk masu kauri ne?" Dattijon ya ɗaga hannu ya nuna masa yatsunsa. Ya ce ƙasa ba ta riƙe siririn layi, damina ɗaya za ta wanke shi, kuma kusurwa mai kaifi ita ke fara gutsurewa, shi ya sa ake zagaye ta. Ya yi mana bayanin makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara a yaɓe rufin soro. Ya ƙara da cewa dagin da ke bango shi ne a wuyan babbar riga kusa da aska takwas, shi ne kuma a jikin sirdi, sai dai kowane mai sana'a yana sake shi gwargwadon abin da ke hannunsa. Na maɗinki siriri ne domin allura, na magini kakkaura domin yatsa.

Wannan maganar ce ta kai mu ga rubutu. A wajen wani mai sayar da littattafan addini na ɗauko masa Alƙur'ani bugun Warshu, irin wanda aka ɗauki hoton rubutun hannu aka buga, kamar na Sharif Bala Gabari na Kano da ya shiga gidaje da yawa. Na ce ya ajiye shi kusa da hoton zauren da ya ɗauka. Kaurin nan ne dai, da nauyin da ke zaune daram a kan layi, da ƙarancin fili tsakanin harafi da harafi. Fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, wasulla da jar tawada a ainihin rubutun hannu. Alƙalamin kara mai faɗin baki da allon itace su suka haifi wannan hannu, kamar yadda yatsa da ƙasa suka haifi wancan. Ba na cewa marubuta sun kwaikwayi magina, amma ido ɗaya ne ya rene su. Kuma an riga an nuna cewa wannan hannu yana shiga kwamfuta: a 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin haruffa mai suna Alkalami, wanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa Rubutun Kano, kyauta ga mai so. Yaron da yake yini a intanet bai taɓa jin sa ba, kuma na tabbata abokan sana'arsa da yawa haka suke.

Da la'asar muka bi ta Tukur-Tukur muka tsaya a gaban ginin Gaskiya, kamfanin da aka kafa a 1945, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Haruffan nan namu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a nan Zariya. Kafin nan ɗigo ake sawa a ƙarƙashin harafi ko a rataya masa alama a gefe. Mutanen da suke jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu sun iya sa ƙugiya a inda ta dace. Yau kuwa, da komai yake a latsa maɓalli, ka duba allunan shaguna daga Tudun Wada har Sabon Gari ka ƙirga nawa ne suka rubuta ƙ daidai. Inda aka yi ƙoƙarin sawa ma, sau da yawa zubin haruffan da aka zaɓa ba shi da ita, sai kwamfuta ta aro daga wani zubin, harafin ya fito siriri a tsakiyar masu ƙiba. Mai zanen da ya yi wannan sannan ya manna dagi a kusurwa, ban san wace gargajiya yake karewa ba.

Samaru ba mu samu shiga ba sai a gurguje, rana ta yi ƙasa. Na dai nuna masa sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, na gaya masa a garin nan ne a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai, suka kafa ƙungiyar da ta ce a haɗa dabarar da aka koya a aji da zanen da aka gada a gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo ya gina aikinsa a kai. Bangon birni yana nan kusa da su tun lokacin, har yanzu kuma bai samu wanda ya mayar da shi cikakken zubin haruffan boko da kowa ke amfani da shi ba.

A mota yaron ya fitar da takarda yana gwada sunan littafin da haruffa masu kauri, kusurwoyi a zagaye, ƙugiyar ƙ tana lanƙwasa irin ta zanko. Dagi ɗaya ya bari, a saman sunan, inda ƙofa za ta kasance. Muka yi ta musu daga Tashar Yari har Kura, ni ina cewa cikin harafin a da e ya matse, idan aka rage girmansu don gefen littafi za su toshe da tawada, shi yana cewa zai zana iri biyu, mai kauri na take da mai sauƙi na ƙananan rubutu. Na tambaye shi wa zai biya shi kuɗin zana haruffa sama da hamsin, manya da ƙanana, sau biyu. Ya ce mai littafin dai bango ɗaya ya biya, kuma ranar Laraba yake son kayansa.