Hukuncin da Ya Jira Shekara Talatin

Ranar 24 ga Mayu, 2006, masana ɗanɗanon giyar inabi suka zauna kashi biyu, wasu a Landan, wasu a kwarin Napa na jihar Kalifoniya, don su raba wata gardama wadda ta shekara talatin ba ta kwanta ba. Aka jera wa kowannensu kofuna goma na jar giya, ba suna ba tambari, shida daga Kalifoniya, huɗu daga yankin Bordo na ƙasar Faransa.

Asalin maganar kuwa, a 1976 wani Baturen Ingila mai suna Steven Spurrier, wanda ke da kantin giya a birnin Paris, ya gayyaci alƙalai Faransawa tara su ɗanɗana waɗannan giya goma ba tare da sun san wacce ce wacce ba. Shi kansa bai yi zaton Amurka za ta kai labari ba. Da aka haɗa maki sai ga giyar Stag's Leap ta 1973 a kan gaba, ta shige manyan gidaje irin su Mouton Rothschild da Haut-Brion. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardarta. Sa'an nan mutanen Bordo suka kawo hanzari, suka ce giyar Kalifoniya 'yar yayi ce, daɗinta na ƙuruciya ne, a bari shekaru su ja a ga wadda za ta tsaya.

Wannan hanzari ba na banza ba ne, domin a wurin masu wannan sana'a tsufa shi ne babban gwaji. Sabuwar jar giya tana da bauri mai kama baki kamar na ɗanyen goro, wanda ke fitowa daga ɓawon inabi da 'ya'yansa. Shi wannan bauri, tare da tsami, su ke riƙe giya kada ta lalace. Idan kwalba ta daɗe a kwance a wuri mai sanyi da duhu, baurin yakan yi laushi, gutsi-gutsi ya taru a gindi, launi ya tashi daga ja mai duhu ya koma kamar na jan bulo, ƙamshin sabon 'ya'yan itace kuma ya ba da wuri ga na jima da busasshiyar taba. Wadda ba ta da ƙashi kuwa, sai a buɗe a tarar ta salance. Saboda haka mai gwaji yakan fara karkata kofi ya dubi launi, ya shinshina, ya kurɓa ya juya a baki, sa'an nan ya tofar.

Da aka haɗa makin Landan da na Napa, giyar Ridge Monte Bello ta 1971 ce ta zo ta ɗaya, alhali kuwa a 1976 ta biyar ta zo. Tana da shekara 35 ke nan. Paul Draper ne ya haɗa ta, daga wata gona da ke kan duwatsun Santa Cruz, inda sanyi ke hana inabi nuna da gaggawa. Matsayi biyar na farko duk na Kalifoniya ne. Mouton Rothschild sai ta shida. Watau ma'aunin da Faransawa suka zaɓa da kansu shi ne ya kā da su.

Amma fa kada a ɗora wa hukuncin nan abin da ya fi ƙarfinsa. Kwalabe goma kaɗai aka gwada, kusan duk na farkon shekarun 1970. Daga shekarun 1990 gidaje da yawa a Kalifoniya suka koma barin inabi ya nuna lugub kafin a tsinka, giyarsu ta ƙara ƙarfi da zaƙi, tsaminta ya ragu. Shaidar da aka ba giyar Draper ba ta wuce kanta zuwa kan waɗannan ba. Su ma sai sun kwanta nasu shekarun a cikin duhu kafin a san matsayinsu.