Motar Jana'iza da Murfin Tankinta

 

Duk wanda ya taɓa raka gawa daga layinmu na Zongo a nan Kwatano ya san farar motar nan, Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira akori-kura, mu kuma muke ce mata bashe. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar Peugeot da ta soma aiki a 1975, kuma a shekaru kusan sa'ata ce. Wani bawan Allah ne ya ba da ita waƙafi ga ƙaramin masallacin da mahaifina ke limanci, domin ɗaukar makara zuwa maƙabarta. Da ƙarfin Baba ya ragu, sai ya danƙa mini littafin kuɗinta, tuƙi kuwa yana hannun wani saurayi, almajirinsa ne tun yana ƙarami.

A daminar 2023 motar ta ɓullo da wani hali. Da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi ta zagaya unguwa lafiya lau. Amma ran da aka ɗora mata makara aka miƙi hanyar Ouidah, da zarar an ci kilomita goma ko sha biyu sai ta fara tari, tana fizga, ƙarfinta yana zurarewa, har ta mutu murus. Sau uku hakan ta faru cikin wata biyu. A na ukun muna tsakiyar cunkoson Godomey, ƴan zemijan masu rigar ɗorawa suna ta kewaye mu, ga ruwa yana tsattsafi a kan likkafani, ga ɗan mamacin ya zuba mini ido bai ce uffan ba. Wanda ya tashi yana jin ana karantar da gaggauta kai mamaci makwancinsa ya san irin nauyin da na ji a wannan wuri.

Nan da nan kowa ya zama makaniki. Mafi yawa suka ce kpayo ne, wato man nan na kwalabe da ake shigowa da shi daga Najeriya, kuma zancen nasu yana da kan gado, domin tun da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin kpayo ya yi tashin gwauron zabo, aka yi ta raɗe-raɗin gauraye. Wasu tsofaffi kuma suka ce motar da ta shekara da shekaru tana ɗaukar gawa ba a rasa abin da ya raɓe ta, tunda ba ta tsayawa sai da mamaci a baya. Baba ya tsawata a kan wannan, ya ce mamaci bai da wata buƙata ga inji.

Ni kuwa na bi hanyar da nake ganin ita ce ta masu ilmin boko, alhali ita ma cinta-cinta ce. Na sa aka canza buji huɗu. Aka kwance kafireta aka wanke. Aka sabunta filatin da kondansa da ke cikin delko, aka sayo famfon mai. Kowane gyara a cikin gareji ake gwada shi, inji yana ruri gwanin daɗi, in biya in tafi da murna. Kafin in farga jika arba'in da biyu na sefa sun fita daga asusun jama'a, kuɗin da ake tarawa da dala ashirin-ashirin bayan sallar Juma'a.

Sai zuciyata ta koma kan direba. Allurar da ke nuna mai ta daɗe da mutuwa, kuma na lura duk lokacin da motar ta tsaya, yakan sauka ya buɗe tanki ya ƙara lita ɗaya daga jarka, ta kuwa tashi. Na ce a raina, ashe kuɗin cika tankin da nake ba shi rabi yake sha. Ban auna ba, ban nemi shaida ba. Na faɗa masa haka a zauren Baba, gaban mutum uku. Ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa cin ko dala ba." Ya ajiye makulli a kan buzu ya fita.

Bayan mako guda Baba ya tura ni wurin wani tsohon makaniki a Akpakpa, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan 404 da 504 tsakanin Kwatano da Parakou. Na zayyana masa abin da aka canza, ya saurara yana murmushi, sannan ya ce, "Ɗan Liman, duk waɗanda suka taɓa ta lafiyayya suka gani. Kai ni inda take ciwon." Ya ce injin fetur abu uku yake nema, mai da wuta da iska, kuma ba a gane wanda ya yanke sai a daidai lokacin da ya mutu, tun bai huce ba. Ya tambaye ni me muke yi ran jana'iza wanda ba mu yi sauran ranaku. Na ce babu, illa cika tanki da doguwar tafiya. Ya ce to a cika.

Muka cika a gidan mai, domin a fitar da kpayo daga zargi, muka kama hanya ba makara ba kowa. Ba mu kai Cocotomey ba ta fara tarinta, ta mutu. Tsohon ya hana ni taɓa komai. Ya zare wayar tsakiya ta delko ya kusantar da ita ga ƙarfen inji, na murɗa makulli, wuta ta yi tsalle shuɗiya tas. Ya ce bobin da filatin sun kuɓuta. Da bobin ce mai gazawa in ta yi zafi, da yanzu wutar ta yi ja ko ta ɓace. Ya cire tiyon da ke kai mai ga kafireta, na sake murɗawa, sai ɗigo biyu uku kawai, alhali famfon sabo ne. Daga nan ya zagaya ya ce in kawo kunnena kusa da bakin tanki. Yana murɗe murfin na ji wani dogon shuuu, iska tana ruɗawa ciki. Bai ƙara ko ɗigon mai ba, ya ce in tayar. Bayan bugu biyu ta tashi.

Bayanin da ya yi mini a gefen titi mai sauƙi ne ƙwarai. Duk litar da famfo ya zuƙe daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinta, kamar yadda gwangwanin madara ba ya zuba sosai sai an huda shi biyu. Bututun da tankin motarmu ke numfashi da shi ya toshe da tsatsa da laka tun ba yau ba, abin da ba mamaki a garin da ke shan iskar teku da ambaliya duk shekara. Tsohon murfin robarsa ta cinye, ta nan iska ke samun hanya. Sabon murfin kuwa ya rufe ruf. In tanki cike yake, sararin iskar da ke sama kaɗan ne, don haka nan da nan zuƙar ke fin ƙarfin famfo. In rabi ne, ga kuma gajeriyar tafiya ta cikin unguwa, ba a kai ga haka. Shi ya sa ba ta tsayawa sai ran jana'iza. Litar da direba ke ƙarawa kuma ba ita ke tayar da motar ba, buɗe murfin ne.

Ya ce, "Wa ya sa mata wannan murfin?" Na yi shiru, domin ni ne na sayo shi a Dantokpa a farkon damina, mai makulli, wai don kada ruwa ya shiga kuma kada a saci mai. Tsohon ya zura waya a bututun ya bi da iskar famfon taya har laka ta fito. Jika ɗaya ya karɓa, shi ma sai da na matsa.

Da na koma na kwashe duka na faɗa wa Baba. Bai yi mini faɗa a kan kuɗin ba. Ya ce in karanta Suratul Hujurat kafin in kwanta, sannan ya ce tunda a gaban mutum uku na yi maganar, a gaban su ukun zan janye ta. Na samu yaron a bakin babban masallacin Zongo, sanye da rigar zemijan, yana jiran fasinja a kan babur na haya. Ya zo zauren ranar Alhamis bayan la'asar, na nemi gafararsa, ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma da na miƙa masa makullin sai ya ce, "Yaya, a bar ni tukuna, na riga na yi alkawarin shekara da mai babur."

Shekarar ta cika bai dawo ba, ban kuma ga laifinsa ba. Jika arba'in da biyun na mayar wa asusu daga aljihuna cikin wata shida, an rubuta a littafi, duk mai son gani yana iya gani. Tun daga ranar ni ke tuƙa motar in an yi rasuwa, kuma ba ta sake tsayawa ba. Na kuma sa an gyara allurar mai.