Merredin, inda gishiri ke cin hanya

A yammacin ƙasar Ostaraliya akwai wani gari ana ce masa Merredin. Daga Perth, babban birnin yankin, kilomita 260 ne in an nufi gabas. Ƙasar manoma ce, alkama da tumaki ko'ina, fili shimfiɗe har iyakar ganin ido. Amma matafiyi zai riƙa ganin fadamu fari fat, da busassun itatuwa tsaye a ciki. Ba toka ba ce, gishiri ne.

Gishirin nan ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa. Iska da ruwan sama suka kawo shi daga teku kaɗan-kaɗan, shekaru dubbai. A da, itatuwa masu doguwar saiwa suna shanye ruwan sama, ba ya taruwa. Da aka sare daji don noma, sai ruwan ƙasa ya yi ta hawa, ya narkar da gishirin, ya taho da shi sama. Tun 1924 wani injiniyan jirgin ƙasa, W. E. Wood, ya rubuta haka. Aka ci gaba da sara. Yau gonakin da gishiri ya taɓa sun wuce hekta miliyan 1.

Hanyar mota ma ba ta tsira ba. A can suna niƙa tsofaffin tayoyi, su zuba garin cikin kwalta mai zafi. Sai kwaltar ta yi danƙo, ba ta saurin tsagewa, ruwan sama ba ya samun ƙofa. Dabara ce mai kyau, ga tayoyin banza sun samu aiki. To amma wannan ɓarawo ta ƙasa yake shigowa. Ruwan gishiri yana jiƙa ƙasar da aka shimfiɗa kwalta bisanta, ta yi laushi. In rana ta buga, ruwan ya tashi, gishirin ya tsaya, ya daskare, ya kumbura, ya ɗaga kwalta kamar bororon ƙuna. Ruwan kuma yana raba kwalta da tsakuwa, ko da roba ko babu. Manyan motocin alkama su bi ta kai, sai ramu. Duk wanda ya ga kanwa tana cin gindin katangar ƙasa ya san irin aikin.

A cikin Merredin sai da aka haƙa rijiyoyi, aka ja ruwan gishirin da pampo zuwa tafkuna, don rana ta busar da shi. Masu aikin hanya suna ƙara mata tudu, su yi mata magudanar ruwa. Manoma kuwa suna sake dasa itatuwa, da wani tsiro mai jure gishiri wanda tumaki ke ci.