Waɗanda Majigi Bai Nuna Ba

Duk wanda ya yi wayo a Jega, ko Aliero, ko Maiyama kafin zuwan talabijin ya san majigi. Mota takan iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, bayan almuru gari duka ya hallara.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka soma wannan aiki a Nijeriya shi ne William Sellers, wani Bature ma'aikacin lafiya a Ikko. Ɗaukar hoto ba sana'arsa ba ce. Shi da kansa ya koya, domin ya nuna wa jama'a yadda ɓera ke yaɗa annoba. Da yaƙin Hitila ya ɓarke cikin 1939, Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikatar majigi domin ƙasashen da take mulki, ta sa shi shugaba. Har akan aika wa waɗansu ma'aikata na'ura da fim, su ɗauki abin da ke faruwa inda suke.

Amma na'ura ba ta ganin kome sai inda mai ita ya juya ta. A majigin da na kalla ina yaro na ga soja suna fareti, na ga gwamna da sarakuna. Ban taɓa ganin fuskar kakana ba, wanda ya ƙara faɗin gonarsa ta gyaɗa sa'ad da samarinmu suke yaƙi a Bama, ya kuma ba da kwabonsa ga asusun taimakon yaƙi.

Haka kuma a yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Lokacin muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, gama ba a kafa Jihar Kebbi ba sai 1991. Fagen fama yana nesa da mu, amma nauyinsa ya shigo har tsakar gida. Mahaifina yakan zauna a zaure kowace yamma yana karanta wa matan soja wasiƙun mazajensu, ya rubuta musu amsa, bai taɓa karɓar ko anini ba. Innata da maƙwabtanta sukan tara dawa tiya-tiya su kai gidan da aka yi rashi. Da damina samarin unguwa sukan yi gayya su nome gonar wanda ya tafi. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Yau dukansu biyu sun rasu, ba mu da muryarsu ko ta minti ɗaya.

To, mai karatu, na'urar da dā sai Gwamnati, ga ta yau cikin aljihun ɗanka. Yarinyar da take da shekara 20 cikin 1967 yanzu ta kusa 80, in tana da rai. Kowace shekara irinta suna raguwa.

Ga shawarata. Ku je wurin tsohonku, ku gaishe shi, ku nemi yardarsa tukuna. Ku zaunar da shi a inuwa, haske na fuskarsa, nesa da ƙarar injin niƙa. Ku jingina wayar a kan turmi don kada ta yi rawa. Bari ya fara faɗin sunansa da garinsa. Sa'an nan ku ce, "Baba, lokacin yaƙi me kuka yi a gida?" Zai ce bai yi kome ba. Kada ku tashi. Ku tambaye shi wa ya nome gonar maƙwabcinsa, za ku ji labari. Ku tambayi Inna ita ma, gama yawancin wahalar a kan mata ta faɗa. In kun gama, ku ajiye hoton wuri biyu ko uku, domin waya takan ɓata.

'Ya'yanmu suna ganin masu bindiga a waya dare da rana. Ya kamata su ga waɗanda suka riƙe gida kuma, su ji daga bakinsu yadda ake taimakon maƙwabci a lokacin tsanani. Gani ya kori ji. Kada mu jira sai an yi kaka.