Wasan yaranmu na tele

Jiya na tarar da ɗana yana ƙyalƙyala dariya gaban waya, wasan yaran Indiya yake kallo, ko kalma guda bai ji. Sai na tuna namu.

Muna lakwal, tele ɗaya ce a unguwarmu, da batirin mota ake kunna ta. Manya Yazi Dogo suke jira a Télé Sahel. Mu ko wani ɗan wasan yara ne namu, guntayen ban dariya: yaro ya liƙa gemun auduga ya zama maigari, wani ya kwaikwayi mushe da bulalarshi. Da Hausa fa! Washegari mu maimaita shi kaf bayan aji. Ni ke yin mushe, har ranar da mushen gaske ya kama ni. Wallahi dariya ce ta hana shi dukana.

Ko shekara bai yi ba aka daina. Sati uku muna shimfiɗa tabarma a banza.

Yanzu yara shida na unguwarmu sun ce za su yi nasu. Auduga na wurina. Mai waya mai ɗaukar hoto da kyau muke nema, kafin a koma lakwal watan Oktoba.